Masu fasaha a "ƙasar da ba kowa": daga ƙanƙarar Kinngait zuwa rairayin Azawak

Duk wanda ya saba karanta abin da jaridun Turai da Amurka ke rubutawa game da mawaƙa da masu zane na yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, zai lura da siffa guda da ake ta nanatawa: mutum shi kaɗai cikin fili fetal, ba gari ba maƙwabci, yana tsamo fasaharsa daga shiru. Da wannan siffar dai ake tallar makaɗan gita na arewacin Nijar. A can farar ƙanƙara, a nan jan rairayi, amma hoton ɗaya ne. Abin da ya kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya tambaya shi ne ko harsunan mutanen da ake magana a kansu sun yarda da wannan hoto. Amsar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, kuma rabinta yana nan kusa da mu, cikin jihar Tawa.

Mu fara da namu kalmomin. Bahaushe yana da daji da jeji da dawa, kuma duk ukun suna samun ma'anarsu ne ta kishiyantar gari da gona. Daji shi ne inda gatari da hauya ba su kai ba. Amma daji ba fanko ba ne a tunanin Bahaushe, domin yana da namunsa da itatuwansa da iskokinsa, har ma da sarakunansa, kamar yadda masu nazarin bori a Adar, irin su Nicole Echard, suka nuna. Kalmomin da muke kiran busasshiyar ƙasar arewa da su kuwa, hamada da sahara, duka na aro ne daga Larabci. A Larabcin Magrib hamada tana nufin shimfiɗaɗɗen tudu mai duwatsu, wani nau'i ɗaya tak cikin nau'o'in ƙasar sahara. Da ta shigo Hausa sai ta faɗaɗa, ta haɗiye tudu da kwari da rairayi gaba ɗaya. Irin wannan faɗaɗar ma'ana alama ce ta mai hange daga nesa. Manomin Bazaga ya san bambancin jigawa da fadama da faƙo da ɗabagi, domin a kansu cinsa yake. Abin da ke bayan iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata, suna ɗaya ya ishe shi.

Mutumin Azawak ko na Azbin yakan ce tenere, jam'inta tinariwen, sunan da shahararriyar ƙungiyar makaɗan nan ta ɗauka. Samuwar jam'in kanta abin lura ce, don wanda yake iya ƙirga hamadu ya san inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Sai dai Tamajak tana da wata kalma da ke hana mu saurin cewa baƙi ne kawai suka ƙago zancen kaɗaici. Kalmar ita ce esuf: sararin da ke bayan zango, inda ba hayaƙi ba muryar mutum, da kuma halin da zuciya ke shiga a irin wannan wuri. Aljanun da ke zaune can ana kiran su Kel Esuf, mutanen esuf. Susan Rasmussen, wadda ta yi nazari a tsakanin Kel Ewey na Azbin, ta bayyana a littafinta na 1995 yadda mata ke shirya kiɗan tende don warkar da wadda waɗannan iskoki suka taɓa. Daga wannan tushe ne aka sami asuf, wadda za a iya kusantarta da kewa ko bege, kuma da ita ake kiran salon gitar kansa. Ke nan kaɗaicin yana nan cikin harshen. Bambancin shi ne, ga ɗan jaridar Turai kaɗaici abin sha'awa ne da mai fasaha ke nema, ga mai Tamajak kuwa ciwo ne da ake tara jama'a a yi masa kiɗa.

Yadda abin ya faro

A gabar kudu maso yammacin tsibirin Baffin na Kanada akwai wani ƙaramin gari, Kinngait, wanda Turawa suka daɗe suna kira Cape Dorset. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, amma sunansa ya zagaya gidajen adana kayan fasaha na duniya. A shekarun 1950 rayuwar farauta ta mutanen Inuwit ta shiga wani hali: kasuwar fatar yanyawa ta faɗi, tarin fuka ya yi ɓarna, gwamnati kuma tana jawo iyalai daga zangunan farauta zuwa matsugunan dindindin. Cikin wannan yanayi ne James Houston, wani mai zane ɗan Kanada, ya kawo dabarar buga zane daga sassaƙaƙƙen dutse, ya kuma je Japan ya ƙaro sani, aka kuma kafa ƙungiyar haɗin guiwa ta garin a 1959. Kenojuak Ashevak, wadda aka haifa a zangon farauta a 1927 ta rasu a 2013, ta yi shekaru uku tana jinyar tarin fuka a wani asibiti a Kebek kafin ta fara zane. Mujiyar da ta zana a 1960 ta hau kan tambarin wasiƙa na Kanada a 1970. Abin lura shi ne, ba a tsakiyar ƙanƙara ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. A cikin gari aka buga shi, da hannun masassaƙa da masu buga zane, a daidai lokacin da rayuwar zango take kuɓuce wa mutanenta.

Wanda ya san tarihin gitar Abzinawa zai ji kamar an ba shi labarin gida. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, samari suka bazama Tamanrasset da garuruwan Libiya neman abin yi. Can ne Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka haɗu wajen 1979, abin da ya zama Tinariwen. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne jagoran wannan salo, kuma kasa-kasansa sun yi yawo hannu da hannu a shekarun tawayen da ya biyo bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990, har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995. Waƙar tenere, a taƙaice, waɗanda suka rasa tenere ne suka fara yin ta, a bayan gari, cikin unguwannin baƙi.

Sunan da waɗannan samari suka ɗauka darasi ne a ƙirar kalma. Daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi, chômeur, aka sami ashamur a tilo, ishumar a jam'i, sai kuma teshumara, sunan halin ko salon rayuwar. Dubi abin da harshen ya yi. Ya sa wa baƙuwar kalma ɗafa-goshin namiji tilo a-, ya mayar da shi i- a jam'i, ya juya wasulan ciki bisa tsarin jam'in da yake da shi tun asali, sannan ya ƙera suna na mace mai farawa da t-. Kalmar da ma'aikacin gwamnati ke rubutawa a takarda don ƙasƙanci ta zama sunan wani zamani da adabinsa. Mu ma mun san irin wannan aiki ta wata fuska. Da muka ari l'école sai muka haɗiye ta da harafin gabanta, ta zama lakwal, kamar yadda alƙalami da alkama suka zo da al- ɗinsu na Larabci. Takobi da takarda sun zo da ta- ta mace daga harsunan Berber, amma da yake Hausa a ƙarshen kalma take duba jinsi, takarda ta zauna mace, takobi ya koma namiji. Claude Gouffé da Maarten Kossmann, wanda littafinsa kan kalmomin Berber a Hausa ya fito a 2005, sun bi sawun irin waɗannan kalmomi, ciki har da raƙumi.

Raƙumi ya kai mu ga tsofaffin masu fasahar wannan ƙasa. A Dabus, arewa da Agadas a gefen hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya haura mita biyar. Christian Dupuy ne ya fara rubuta bayaninsu a 1987, kuma galibin masana na kai shekarunsu tsakanin dubu shida da dubu takwas. Daga bakin kowace dabba an ja layi zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Wanda ya yi wannan aiki ba a hamada ya zauna ba, don a lokacin ƙasar tana da ciyawa da tafkuna, kamar yadda kaburburan Gobero, waɗanda ayarin Paul Sereno ya ci karo da su a shekarar 2000, suka tabbatar. Raƙumin gida bai yaɗu a Sahara ba sai wajen shekaru dubu biyu da suka wuce. Amma Hausa ta sa wa dabbar da ta riga zuwa sunan wadda ta zo daga baya, ta ce raƙumin dawa. Harshe ba ya bin tsarin tarihin ƙasa, yana bin abin da ya fi kusa da idon mai magana.

Dusar ƙanƙara da launin da aka ce babu

Kowane ɗalibi a sashenmu ya taɓa jin cewa mutanen Aktik suna da kalmomi ɗari na dusar ƙanƙara. Asalin maganar ƙarami ne. A 1911 Franz Boas ya kawo kalmomi huɗu, yana misalta yadda harsuna ke bambanta wajen amfani da saiwa daban-daban. Benjamin Lee Whorf ya ɗauki misalin a 1940 ya ƙara masa gishiri, daga nan littattafan koyarwa da jaridu suka yi ta ƙari, har wata jaridar Amurka ta kai adadin ɗari a 1984. Laura Martin ta bi diddigin wannan kumburi a maƙalarta ta 1986, Geoffrey Pullum kuma ya yi masa ba'a a wani rubutu da ya ba littafinsa na 1991 suna. Matsalar ta ƙirar kalma ce. Harsunan Inuwit suna jera ɗafe-ɗafe masu yawa a bayan saiwa guda, ta yadda abin da Hausa za ta faɗa da jumla su kalma ɗaya ce. In haka ne, ƙirga kalmomi ba shi da iyaka, ko na ƙanƙara ko na shayi. Sai an fara faɗin abin da ake ƙirgawa, saiwa ko kalma, da kuma wane harshe cikin dangin.

Mu ma muna da tamu dusar ƙanƙarar, kuma daga jihar Tawa ta fito. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaradan da Abalak ne. An san labarin gitarsa ta farko, wadda ya haɗa da kansa da wayoyin birkin keke. A 2015 ya fito a wani fim da Christopher Kirkley ya shirya a Agadas, wanda aka gina kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Sunan na Prince yana nufin ruwan sama mai launin shunayya. Na Agadas kuwa aka sa masa Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama shuɗi mai ɗan ja a ciki. Kusan duk jaridar da ta ba da labarin fim ɗin sai ta ƙara da cewa Abzinawa ba su da kalmar wannan launi, kuma ana faɗin haka da irin murmushin da ake faɗin zancen ƙanƙara, sai dai can yawa ake mamaki, nan rashi.

A ganina wannan magana ta fi koya mana abu game da Ingilishi fiye da Tamajak. Tun 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka nuna cewa harsuna sun bambanta a yawan kalmomin launi na asali, kuma wannan launi yana cikin na ƙarshe da harshe ke ware wa kalma tasa. Hausa kanta fari da baƙi da ja ne ginshiƙanta. Suna da cikakkiyar ƙira ta jinsi da jam'i tare da kalmomin ƙarfafawa na kansu: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Sauran da yawa daga abubuwa muka ɗauko su. Rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa, shunayya daga shuni take, ga ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Ba wanda zai ce Bahaushe ba ya ganin launin toka don ya kira shi da kalmomi biyu. Balle kuma Ba'abzine, wanda rawaninsa na alfarma turkuɗi ne da marinan Kura ta ƙasar Kano suka rina suka buga har yana ƙyalli tsakanin shuɗi da ja. Launin da aka ce ba shi da sunansa, shi ne yake naɗe da shi a ka, har yana zuba a fatarsa.

Akwai wani abu game da Mdou Moctar da ya fi zancen launi amfani ga mai nazarin cuɗanyar harsuna. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin kiɗan kwamfuta da gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin ajiya, har ya kai arewacin Mali, inda Kirkley ya ji shi ya sa waƙa ɗaya cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Hanyar motar da ta haɗa Abalak da Sakkwato ta Tawa da Birnin Ƙonni ta bi, ta tsallaka Illela ta Najeriya. Wato abin da ake sayar wa duniya da sunan muryar hamada tsantsa, tun fitowarsa yana ɗauke da gishirin Hausa, kuma ta ƙofar gidanmu ya wuce. Duk wanda ya zauna kasuwar Ƙonni da rani, lokacin da makiyaya ke gangarowa, ya ji yadda ake sauya harshe tsakanin cinikin akuya da gaisuwa.

Abin da mata suka riƙe

Can cikin karkarar Abalak akwai ƙauyen Illighadad, inda Fatou Seidi Ghali da Alamnou Akrouni suka fito. Kundinsu na farko na 2016 a fili aka ɗauke shi, rabi gita rabi tende. Tende a Tamajak turmi ne, turmin daka na kullum, a ɗaura masa jiƙaƙƙiyar fatar akuya ya zama ganga, in an gama a kwance a ci gaba da daka. Kalma ɗaya tana nufin turmin da gangar da waƙar da taron. Kusa da shi akan kifa ƙwarya cikin ruwa ana bugawa, abin da matan Hausa ba za su ga baƙonsa ba. Imzad kuma, mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, mata ne ke goga shi, alhali goge a ƙasar Hausa sana'ar maza ce. A Aktik ma wasan maƙogwaro da ake kira katajjaq na mata ne, biyu suna fuskantar juna har ɗaya ta yi dariya ko numfashinta ya ƙare. Masu wa'azin mishan sun hana shi, tsofaffin mata suka riƙe, kuma daga cikinsa Tanya Tagaq ta gina salon da ya ci babbar kyautar kiɗa ta Kanada a 2014.

Ko kalmar fasaha sai an yi hattara da ita. A Larabci fasaha iya magana ce. A Hausa ta zama gwaninta, yau har ta kai ga na'ura. Ba mu da suna guda na gargajiya da ya tara makaɗi da maƙeri da masassaƙi da baduku, kowa da sana'arsa da gadonsa. Abzinawa suna da inadan, maƙeran da ke ƙera azurfar Agadas, matansu kuma suna aikin fata. Inuwit suna kiran sassaƙa sananguaq, daga sana-, yi ko ƙera, da ɗafa-ƙeyar -nguaq mai nuna kwaikwayo ko ƙaramin kamanni. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya yi daidai da mutumin nan na jaridun Turai mai gudun jama'a don ya sami ilhama.

Sunayen al'ummomin ma haka. Kalmar Eskimo baƙi ne suka yaɗa ta, masu ita a Kanada suka ce a kira su Inuwit, jam'in inuk, mutum. Mu kuma mukan ce Buzaye ga kowa da kowa, alhali a asali kalmar wani rukuni ne na ƙasa-ƙasa cikin al'ummar take nufi, kuma da yawa ba sa jin daɗinta. Su Kel Tamajak suke cewa, mutanen Tamajak, wato da harshe suke ayyana kansu. Ga mai rubutun ilimi da Hausa wannan zaɓi ne da zai yi da saninsa.

Shi kuma filin da ake cewa ba kowa, a taswirar harsuna cike yake. Azawak tana da karin Tawallammat, Azbin tana da Tayart. A kewayen Abalak akwai Tagdal, wadda ginin jumlarta na Sonwai ne amma kalmominta da yawa na Berber, ga ƴar'uwarta Tasawak a Ingal. Akwai kuma Tetserret, harshen Berber na wata ƙaramar al'umma, wanda binciken Cécile Lux ya nuna ya fi kusa da Zenaga ta Muritaniya fiye da Tamajak da ke kewaye da shi, kuma masu jin sa raguwa suke yi. Ga Fulfulde ta Wodaɓe, ga Larabcin Tasara, ga Hausar Adar da Bernard Caron ya siffanta a 1991. Rubutu ma akwai: Tifinag, wadda a gargajiyance baƙaƙe take rubutawa ba wasula, ana koyon ta a kan rairayi, ana kuma samun ta a duwatsu kusa da tsofaffin zane. Hawad, marubuci kuma mai zane da aka haifa a Azbin a 1950, ya ƙara mata wasula don ta ɗauki dogon rubutu, sannan ya mayar da haruffan kansu zane.

A Igloolik, dattawa suka ba da tsohon labarin da ya zama fim ɗin Atanarjuat na Zacharias Kunuk, aka rubuta shi aka kuma yi shi gaba ɗaya da Inuktitut, ya ci kyauta a Cannes a 2001. Yau masu koyar da harshen suna da sa'o'i kusan uku na magana da za su yi aiki da su. Mu namu kayan suna cikin wayoyin direbobi da makiyaya tsakanin Ƙonni da Abalak: waƙoƙin biki, tende, gita, wasu da Tamajak, wasu da Hausa, wasu suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan cikin baiti guda. Katin ajiya kuwa ba ya daɗewa, in waya ta lalace ko aka sayar da ita, abin da ke ciki ya tafi. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya farawa da katin waya guda daga tashar motar Ƙonni, ya rubuta abin da ke ciki baiti-baiti, ya nuna inda harshe ya sauya da kalmar da aka sauya a kanta.